Tsakanin Gidan Sinima da Falon Gida: Tarihin 'Yan Kallo a Libreville

A shekarar 1963, shekara uku bayan Gabon ta sami 'yancin kai daga Faransa, wani fim mai suna La Cage ya shiga gasar bikin finafinai na Cannes. Bafaranshe Robert Darène ne ya ba da umarni, amma babban jarumin ɗan Gabon ne, Philippe Mory, wanda kuma da hannunsa a rubuta labarin. A wannan shekarar ce gidan talabijin na ƙasar ya fara aiki a Libreville. Ke nan tun farkon tafiya fim ɗin ƙasa da akwatin cikin ɗaki tare suka taso, kowanne yana jan ɗan kallo wajensa.

Da farko sinima ce ke da rinjaye. Talabijin sai gidan wane da wane, shirinta kuma na 'yan sa'o'i ne da dare. Wanda ke son ganin sabon fim dole ya sa takalmi ya fita. Sai dai abin da zai gani ba shi ke zaɓa ba. Kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su suka riƙe harkar rarraba finafinai a ƙasashen Afirka renon Faransa har zuwa shekarun 1970, kuma abin da suka fi kawowa shi ne finafinan Amurka da Faransa da Indiya waɗanda suka riga suka mayar da kuɗinsu a wasu ƙasashe. Duk da haka zaure yana cika, domin ba fim kaɗai ake zuwa gani ba. Nan samari ke haɗuwa, nan ake nuna sabon ɗinki, nan ake samun abin hira na mako guda.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sa gwamnatin Omar Bongo ta shiga harkar da ƙarfinta. A 1975 aka kafa cibiyar finafinai ta ƙasa, CENACI, aka ɗora Philippe Mory a kanta. Pierre-Marie Dong da Charles Mensah suka fitar da Obali da Ayouma, waɗanda aka ɗauko labarinsu daga rubutun uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Joséphine Bongo. Mutanen Libreville suka fara ganin aurensu da al'adunsu a babban allo, gidaje irin su Le Komo kuma suka zama wuraren da birni ke alfahari da su.

Abubuwa uku ne suka taru suka karya wannan kasuwa. Na farko faɗuwar farashin mai a 1986, wadda ta tsuke aljihun gwamnati da na talaka. Na biyu na'urar bidiyo, sannan tashoshin tauraron ɗan'adam irin su Canal Horizons da suka shigo a shekarun 1990. Na uku, wanda ya fi ciwo, karya darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Mai gidan sinima da kuɗin waje yake hayar fim, da su yake sayen fitilar majigi da kayan gyara. Dare ɗaya kuɗin da yake kashewa ya ninka, alhali albashin mai sayen tikiti yana nan inda yake. In ya ƙara kuɗin shiga kujeru su zama wayam, in bai ƙara ba sai ya koma nuna tsofaffin finafinai a zauren da rufinsa ke yoyo.

Magidanci kuwa lissafinsa a fili yake. Fita da iyali na nufin kuɗin tasi zuwa da dawowa, da tikitin kowane kai, ga fargabar dare. Kaset ɗaya kuwa zai isa gida duka har da maƙwabta. Ita kanta CENACI ta bi jama'a zuwa gida: a tsakiyar shekarun 1990 ta yi wasan talabijin mai dogon zango, L'Auberge du Salut, wanda ya karɓu ƙwarai. Daga baya faifan bidiyo na satar fasaha ya cika kasuwanni irin su Mont-Bouët, finafinan Nijeriya da aka juya zuwa Faransanci suka mamaye falo. Lokacin da fim ɗin Dôlè na Imunga Ivanga, labarin wasu samarin Libreville da ke neman kuɗi ta kowace hanya, ya ci babbar kyautar bikin Carthage a Tunisiya a 2000, gidajen da za su nuna shi a ƙasarsa sun riga sun ƙaranta. Maƙwabciya Kamaru ma haka ta gani: a Janairun 2009 gidajenta uku na ƙarshe suka rufe, wato Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala da Empire a Bafusam.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai ga kama, zai kuma ga bambanci. A Kano an buɗe sinimar Rex a 1937, sai Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950, ga kuma gobarar sinimar El Duniya ta 1951 da ta ci rayuka fiye da 300 ta ƙara wa mutane ƙyamar wurin. A nan maganar mutunci ce ta fi ta kuɗi nauyi: matar aure ba ta zuwa sinima, ɗan gidan mutunci kuma a ɓoye yake zuwa. Saboda haka da bidiyo ya zo, musamman bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, ya kai fim ga matan da dama can zauren bai taɓa samunsu ba. A Libreville aljihu ne ya mayar da mutane gida. A Kano gida ne ya buɗe sabuwar kasuwa.

Daga baya an ɗan fara komowa sinima. Kamfanin Vivendi ya buɗe gidan sinimar CanalOlympia na farko a Yawunde a 2016, mai kujera 300 da wutar hasken rana, ya kai irinsa Yamai, a Gabon kuma ya gina a Port-Gentil, birnin mai. A Libreville zauren cibiyar al'adun Faransa ya daɗe yana cike giɓin, tare da bikin finafinan gaskiya na Escales Documentaires. Amma a 2016 ɗin nan ce Netflix ta buɗe wa Afirka ƙofa, wayar hannu kuma ta mayar da kallo abin mutum ɗaya.

Tarihin nan ya nuna cewa son fim bai taɓa raguwa ba. Mutum yana fita ne idan fim ɗin sabo ne bai iso wayarsa ba, zauren yana da tsabta da tsaro, kuɗin shiga bai fi ƙarfinsa ba, kuma zai ga rayuwarsa a allo tare da jama'a. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, gida zai zauna. Duk mai shirin gina sinima, a Libreville ne ko a Kano, da waɗannan sharuɗɗa huɗu ya kamata ya fara lissafi kafin ya sayi bulo.