Harshe da Ƙuri'a a Lardin Kebek: Tarihin Zaɓe a Mazaɓar Mercier, 1966 zuwa 2022

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda mutanen mazaɓa guda ɗaya suka yi ta jefa ƙuri'a cikin shekara hamsin da shida, domin a ga yadda batun harshe yake shiga akwatin zaɓe, da kuma yadda yake sake kama idan ya daɗe a ciki. Mazaɓar ita ce Mercier, a tsakiyar birnin Montiriyal, cikin lardin Kebek na ƙasar Kanada. Lardi a tsarin Kanada ya fi kama da jiha a wurinmu: yana da majalisar dokokinsa da firimiyansa, kuma sha'anin ilimi a hannunsa yake. Kebek ne kaɗai lardin da masu magana da Faransanci suka fi yawa. Tun daga 1989 majalisarsa kujeru 125 gare ta, kowace mazaɓa da wakili ɗaya, kuma wanda ya fi samun ƙuri'a shi ne ya ci, ko da bai kai rabi ba. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan ƙa'ida ta ƙarshe, don za mu sake karo da ita.

An raɗa wa mazaɓar sunan Honoré Mercier, wanda ya yi firimiyan Kebek daga 1887 zuwa 1891. Da sunanta na yanzu an fara zaɓe a cikinta a 1966, kuma mafi yawan ƙasarta tana cikin unguwar Plateau-Mont-Royal. A wancan zamani unguwa ce ta ma'aikata: maɗinka na masana'antun tufafi, da leburori, da ƙananan 'yan kasuwa, akasarinsu masu Faransanci, suna zaune haya a gidaje masu hawa biyu ko uku da suka jeru manne da juna. Ta yammacin unguwar kuwa, wajen titin Saint-Laurent, zangon baƙi ne tun farkon ƙarni na ashirin. Yahudawan Gabashin Turai suka fara sauka, daga baya Girkawa da mutanen Fotugal suka biyo. Faransancin da talakawan unguwar ke yi shi ne karin da ake kira joual, wanda masu ilimi suka daɗe suna rainawa saboda lafazinsa da yawan aron da ya yi daga Ingilishi. Michel Tremblay, ɗan wannan unguwa, shi ne ya hau da karin nan kan dandali a wasansa Les Belles-sœurs a 1968, abin da ya jawo muhawara mai zafi a kan wane irin Faransanci ne ya cancanci a rubuta.

Wakilin farko da Mercier ta zaɓa a 1966 shi ne Robert Bourassa na Jam'iyyar Liberal, yana da shekara 32, lauya kuma masanin tattalin arziki da ya yi karatu a Oxford da Harvard. Jam'iyyarsa ta faɗi a wannan zaɓe duk da ta fi kowa ƙuri'a a lardin: ta sami kashi 47 cikin ɗari da kujeru 50, Union Nationale ta sami kashi 41 da kujeru 56. A Janairun 1970 ya zama shugaban jam'iyya, a Afrilu ya ci zaɓe da alkawarin samar da ayyuka 100,000, ya zama firimiya yana da shekara 36. Wato ke nan mutanen Mercier sun wayi gari wakilinsu ne ke mulkin lardin baki ɗaya.

Wata shida bayan haka aka shiga rikicin Oktoba. Wata ƙungiyar 'yan ta-kife masu neman ɓallewar Kebek, FLQ, ta sace jami'in ciniki na Ingila James Cross, sa'an nan ta sace ministan ƙwadago Pierre Laporte, wanda aka tsinci gawarsa ran 17 ga wata. Gwamnatin tarayya ta Pierre Trudeau, bisa roƙon gwamnatin Bourassa da hukumar birnin Montiriyal, ta kafa dokar ta-ɓaci ran 16 ga Oktoba. Aka kama mutum kusan 500, aka saki mafi yawansu ba tare da an tuhume su da kome ba. Cikin waɗanda aka kama har da wani ɗan jarida marubucin waƙoƙi mai suna Gérald Godin, da abokiyar zamansa, mawaƙiya Pauline Julien. Godin mutumin Trois-Rivières ne, an haife shi a 1938, ya jagoranci kamfanin ɗab'i na Parti pris, kuma a kundin waƙoƙinsa Les Cantouques ya yi amfani da joual da gangan, har da zage-zagensa.

Wannan kame bai taɓa Bourassa a akwatin zaɓe nan take ba. A 1973 jam'iyyarsa ta kwashe kujeru 102 daga cikin 110, shi ma ya koma kujerarsa ta Mercier. Parti Québécois, jam'iyyar René Lévesque mai neman 'yancin kan Kebek, wadda za mu riƙa kira PQ, ta sami kashi 30 cikin ɗari na ƙuri'u amma kujeru 6 kacal. Wanda ya dubi kujeru kawai zai ce magana ta ƙare. Wanda ya dubi ƙuri'u kuwa zai lura PQ ta tashi daga kashi 23 a 1970 zuwa 30, kuma a unguwannin ma'aikata na gabashin Montiriyal ƙarfinta ya fi taruwa.

A nan ne batun harshe ya shigo sosai. Hukumar binciken da gwamnatin tarayya ta kafa a 1963 kan harsuna biyu ta gano cewa a cikin Kebek kansa masu Faransanci suna kusa da ƙarshen jeri wajen samun kuɗin shiga, alhali su ne mafi rinjaye. Ingilishi ne harshen manyan ofisoshi da shugabannin masana'antu, saboda haka baƙi suka riƙa kai 'ya'yansu makarantun Ingilishi, abin da ba za a zarge su a kai ba, tun da kowane uba inda abinci yake nan yake nuna wa ɗansa. Amma ga masu Faransanci, wannan na nufin sannu a hankali za su zama tsiraru a babban birninsu. A 1974 Bourassa ya kafa Doka ta 22, wadda ta mai da Faransanci harshen hukuma na lardin, ta kuma ce sai yaro ya ci jarrabawar nuna ya iya Ingilishi kafin a ɗauke shi makarantar Ingilishi. Dokar ta zama jifan gafiyar Ɓaidu ga mai ita. Masu kishin Faransanci suka ce ba ta da haƙora, masu Ingilishi da baƙi suka ce an ci amanarsu, ga kuma takaicin ganin ana yi wa yara ƙanana jarrabawar harshe. Aka haɗa wannan da yajin aikin ma'aikatan gwamnati da bashin wasannin Olamfik na 1976.

Ran 15 ga Nuwamba 1976 PQ ta ci kujeru 71 daga cikin 110, Liberal ta sauko zuwa 26. A Mercier, Godin ya kayar da Bourassa da tazarar da ta wuce ƙuri'a 3,000. An sha ba da wannan labari kamar tatsuniya: mawaƙin da aka ɗaure ya kayar da firimiyan da aka ɗaure shi a zamaninsa. Labarin gaskiya ne, sai dai daɗinsa yakan rufe abin da ya fi muhimmanci. A ganina abin da ya ba Godin nasara shi ne, a 1976 talakan Plateau bai ga bambanci tsakanin kukansa na harshe da kukansa na aljihu ba. Harshen da ake raina masa shi ne dai harshen da ya hana shi ƙarin girma a wurin aiki, don haka ƙuri'a ɗaya ta ishe shi ya amsa duka biyun. PQ ta wancan lokaci tana ɗauke da kaya biyun a kai ɗaya, neman 'yanci da kuma kusanci da ƙungiyoyin ƙwadago. Sauran tarihin mazaɓar, kamar yadda za mu gani, labarin yadda kayan nan biyu suka rabu ne.

A Agustan 1977 gwamnatin Lévesque, ta hannun minista Camille Laurin, ta kafa Doka ta 101, wadda ta tabbatar da Faransanci a wurin aiki da allunan kasuwanci, ta kuma wajabta wa 'ya'yan sababbin baƙi shiga makarantun Faransanci. Godin ya riƙe kujerarsa a 1981 da 1985 da 1989. Abin lura shi ne muƙamin da aka ba shi: tun daga 1980 ya zama ministan harkokin baƙi, daga baya aka haɗa masa da al'ummomin da suka fito daga wasu ƙasashe, kuma shi ne ya gabatar da gyaran 1983 da ya sassauta wasu sassan Doka ta 101. Ya yi suna wajen shiga cikin Girkawa da mutanen Fotugal na mazaɓarsa, alhali yawancinsu ba su goyon bayan ɓallewa. Ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa ya kama shi a 1984, bai tsaya takara a 1994 ba, ya rasu a Oktoban wannan shekara. Dandalin da ke bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Mont-Royal an sa masa sunansa, aka kuma rubuta waƙarsa Tango de Montréal, wadda ya yi a kan baƙi ma'aikata, a jikin wani bango da ke kallon wurin. Bourassa kuwa ya komo mulki a 1985, amma bai sake neman Mercier ba.

Robert Perreault na PQ ya gaji kujerar a 1994 da 1998. A tsakanin nan abubuwa biyu suka faru. Na farko, a ƙuri'ar raba-gardama ta 1995 masu neman 'yanci suka sha kaye da ƙyar, da kashi 49.4 cikin ɗari, kuma a daren firimiya Jacques Parizeau ya ɗora laifin a kan kuɗi da ƙuri'un wasu ƙabilu, maganar da ta rushe da yawa daga abin da irin su Godin suka gina. Na biyu, magajinsa Lucien Bouchard ya ɗauki manufar kawar da giɓin kasafin kuɗi, aka tsuke kuɗin asibitoci da na jin daɗin jama'a. Unguwar ita ma ta sauya: masana'antun ɗinki sun yi ta rufewa, 'yan makaranta da masu fasaha da malamai suka cika gidajen, kuɗin haya ya yi ta hawa.

Perreault ya ajiye kujerar a 2000, aka shirya zaɓen cike gurbi. Wani tsohon ɗan jarida, Yves Michaud, ya nemi PQ ta tsayar da shi, amma ran 14 ga Disamba 2000 majalisar dokoki ta yi Allah wadai da shi baki ɗaya saboda wasu kalamai da aka ce ya yi game da Yahudawa. Rigimar ta raba kan jam'iyyar, Bouchard kuma ya ambace ta cikin jawabinsa na murabus a Janairun 2001. A zaɓen 9 ga Afrilu 2001 PQ ta tsayar da Claudel Toussaint, ɗan asalin Haiti, ƙananan ƙungiyoyin masu ra'ayin sauyi kuma suka haɗa kai a bayan Paul Cliche. Cliche ya sami kashi 24 cikin ɗari. Nathalie Rochefort ta Liberal ta ci kujerar da kimanin kashi 35. Ga ƙa'idar nan da muka ce a riƙe: idan aka haɗa ƙuri'un Toussaint da na Cliche sun zarce nata nesa, amma da yake sun rabu biyu, sai kujerar ta koma hannun jam'iyyar da ta rasa ta shekara ashirin da biyar da suka wuce. Kuskure ne a karanta wannan a matsayin Mercier ta koma Liberal, domin shekara biyu kawai ta yi a can.

Wanda ya ci riba ta haƙiƙa shi ne wanda ya zo na uku. Kashi 24 na Cliche ya nuna wa masu ra'ayin sauyi cewa za su iya tsayawa da ƙafarsu ba tare da PQ ba. A 2002 suka kafa Union des forces progressistes, a 2006 ta haɗe da ƙungiyar Françoise David aka sami Québec solidaire. Ɗan takararsu a Mercier shi ne Amir Khadir, likita, haifaffen Tehran a 1961, wanda iyayensa suka kawo shi Kanada yana da shekara goma. Daniel Turp na PQ ya ƙwato kujerar a 2003, Khadir ya sami kashi 18. A 2007 Turp ya sake ci, Khadir ya hau zuwa kashi 29 ya zo na biyu. A Disamban 2008 Khadir ya kayar da shi da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 1,000 ba, ya zama wakilin farko da jam'iyyarsa ta taɓa samu a majalisa. Ya koma a 2012 da 2014.

Ya kamata a lura cewa Québec solidaire ita ma jam'iyyar neman 'yancin Kebek ce. Saboda haka masu zaɓen Mercier ba su juya wa wannan buri baya ba, tsarin abubuwan da suka fi damunsu ne ya sauya, haya da albashi da muhalli suka hau gaba. Doka ta 101 ta riga ta biya musu babban ɓangare na buƙatar harshe, kuma jam'iyyar da ta biya buƙatar sai ta rasa abin da za ta ci gaba da riƙe su da shi. Abin da ya faru a Mercier a 2008 ya game wasu wurare bayan shekara goma: a zaɓen 2018 Québec solidaire ta sami kujeru 10, daidai da na PQ, a 2022 kuma ta sami 11 yayin da PQ ta tsira da 3.

Da Khadir ya janye a 2018, wadda ta gaje shi ita ce Ruba Ghazal, da fiye da rabin ƙuri'un mazaɓar, ta kuma sake ci a 2022. An haife ta a Bairut a 1977, shekarar da aka kafa Doka ta 101, iyayenta Falasɗinawa ne, ta iso Montiriyal tana yarinya 'yar shekara goma, dokar ta sa aka kai ta makarantar Faransanci. Tana cikin waɗanda ake kira 'ya'yan Doka ta 101, kuma ita da kanta takan kira kanta da wannan suna. A Nuwamban 2024 jam'iyyarta ta zaɓe ta ɗaya daga cikin kakakinta guda biyu.