Rabon Masu Zuwa Ganin Likita Tsakanin Manya da Ƙananan Asibitoci: Nazari daga Lamisula, Maiduguri

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda marasa lafiyar da ba a kwantarwa suke rarrabuwa tsakanin asibitoci gwargwadon girmansu, ta ɗauki Lamisula, ɗaya daga mazaɓu 15 na Ƙaramar Hukumar Birnin Maiduguri, a matsayin fagen nazari. An dogara da dokokin lafiya na ƙasa, da rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya kan Borno, da tsarin tattara alƙaluman asibitoci. Hujjar maƙalar ita ce auna girman asibiti da yawan likitocinsa, kamar yadda ake yi a Amurka, yana ɓoye mafi yawan jinyar da ake yi a unguwa irin wannan.

Tushen ma'aunin

A 1961 Kerr White da abokan aikinsa suka nuna cewa cikin manya 1,000 a Amurka da Birtaniya, kusan 750 kan ji ciwo a wata guda, 250 su ga likita, 9 a kwantar da su, mutum 1 kacal ya kai ga asibitin jami'a. A 1973 Amurka ta fara ƙidayar zuwa ganin likita a ofisoshin likitoci, kuma abin da ya dami masana can shi ne ƙananan ofisoshi suna narkewa cikin manya: binciken ƙungiyar likitocin ƙasar na 2020 ya samu kashi 49.1 cikin ɗari ne kawai suke aiki a wurin da likitoci suka mallaka. Duk wannan lissafi ya ginu kan zato ɗaya, cewa ƙaramin wuri ma akwai likita a cikinsa, ɗaya ne dai maimakon hamsin.

Abin da ke gaban mutumin Lamisula

A takarda, tsarin Nijeriya hawa uku ne: asibitin sha-ka-tafi a ƙasa, babban asibitin jiha a tsakiya, asibitin koyarwa a sama. Tun zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka so hawan farko ya ɗauki mafi yawan nauyin. Amma a hawan farkon nan jami'in lafiyar al'umma ne ko nas ko ungozoma ke duba mutane. Likita baƙo ne. Likitoci sun taru a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke hanyar Bama, wanda aka buɗe a 1983, da Asibitin Ƙwararru na Jiha, da Asibitin Umaru Shehu a Bulumkutu, sai asibitocin kuɗi da na ƙungiyoyin agaji.

To, idan mai bincike ya ƙidaya zuwa ganin likita kaɗai, dole sakamakonsa ya nuna manyan asibitoci sun kwashe kusan komai. Wannan taswirar wuraren da likitoci suke ce kawai, ba ta faɗi inda jama'a ke kai ciwonsu ba.

Lamisula a tsakiyar gari take, don haka nisa ba ya hana kowa tsallake ƙaramin asibiti. Abin da ake aunawa shi ne yini da aljihu. Uwar da yaronta ya kwana da zazzaɓi, in ta nufi babban asibiti, sai ta yi sammako ta hau keke napep (tun 2011 aka hana acaɓa a Maiduguri), ta yanki kati, ta bi layin awo, ta jira a kira sunanta, a tura ta gwajin jini, ta dawo da takardar sakamako wataƙila bayan azahar. Kemis kuwa yana bakin layinsu. Za ta faɗi abin da ke damun yaron, mai shago ya tambayi nawa ke hannunta, ya yanko mata ƙwayoyi daidai kuɗin, wani lokaci har da bashi. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya ke fitowa kai tsaye daga aljihun mutane, zaɓin nata lissafi ne mai kyau, ko da maganin bai cika ƙa'ida ba. Kuma wannan jinya ba ta shiga rajistar kowa.

Abubuwan da suka karkata rabon

Na farko rikicin da ya ɓarke a Yulin 2009. A Disambar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin cibiyoyin lafiya 743 na Jihar Borno, kashi 35 cikin ɗari sun rushe gaba ɗaya, kashi 29 sun lalace. Ma'aikata da marasa lafiya duk suka kwararo Maiduguri. Sai ga wani rukuni da ma'aunin girma bai san inda zai sa shi ba: asibitocin agaji, irin na yara da ƙungiyar Médecins Sans Frontières ta gudanar a Gwange. Ba su kai asibitin koyarwa girma ba, amma kyauta ne, kuma kyauta tana jan mutane fiye da gini.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. A tsarin inshorar lafiya ta ƙasa ana biyan asibitin matakin farko kuɗi bisa kowane kai da aka yi wa rajista a can, kuma an yarda babban asibiti ma ya tsaya a wannan matsayi. Ma'aikacin gwamnati da aka ba shi zaɓi, da wuya ya bar inda ƙwararru suke. Kuɗin da ya kamata ya raya ƙaramin asibiti sai ya bi mai mura da ciwon kai zuwa sama. A Ingila ba haka abin yake ba, domin sai likitan unguwa ya tura mutum kafin ƙwararre ya gan shi, in ba gaggawa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta yi ƙoƙarin gyara da asusun da ke karɓar aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da niyyar a samu cibiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. A ganina niyyar ta yi daidai, sai dai asusun ya fi iya sayen magani da gyaran rufi, bai kai ya zaunar da likita ba.

Ambaliyar 10 ga Satumba 2024, bayan fashewar madatsar Alau, ta nuna kasadar taruwar likitoci a manyan asibitoci. Ruwa ya shiga asibitin koyarwa da Asibitin Ƙwararru a lokaci guda, ya lalata kayan aiki, ayyuka suka tsaya na wani lokaci. An zuba ƙwai duka a kwando ɗaya.

Yadda ya kamata a auna

Alƙaluman da ake shigarwa a manhajar DHIS2, wato tsarin tattara alƙaluman asibitoci, sun fi cika daga asibitocin gwamnati. Na kuɗi ba kowanne ke aikawa ba, kemis kuwa babu shi sam. Saboda haka ƙidaya ta faro daga gida, ta bi mara lafiya, maimakon ta faro daga rajista. A tambayi magidanta duk wuraren da aka je kan ciwo ɗaya cikin mako biyu da suka wuce, bi da bi, domin mutum ɗaya kan taɓa kemis da sha-ka-tafi da babban asibiti a kan zazzaɓi guda. Kada a tsaya a kan "Kin ga likita?", tunda duk mai farar riga likita ake kiransa, a tambayi sunan wurin, mai bincike ya je ya tantance wanda ke zama a can. Girman wuri kuma a auna shi da matsayin babban ma'aikacin da ke nan a zahiri da sa'o'in da yake yi a mako, domin asibitin kuɗi mai likita ɗaya sau da yawa likitan ma'aikacin gwamnati ne da ke leƙowa da yamma.

A yi tambayar da Kanuri da Hausa, kuma zagaye biyu: ɗaya a rani, ɗaya tsakanin Agusta da Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika layukan ƙananan wurare.