Husufin rana da darasin taurari a ƙasar Adar

Ranar Laraba 29 ga watan Maris na 2006, da hantsi, inuwar wata ta ratso Gana da Togo da Benin, ta bi ta Gusau da Katsina, ta shigo Nijar ta Maraɗi, ta nufi Kawar da Libiya. Faɗinta bai kai kilomita 200 ba, shi ya sa Madawa da Buza da Keita suka kasance a gefe. A waɗannan garuruwa rana ba ta rufe ruf ba, ta dai rage siririya kamar jinjirin wata. Wannan ragowar haske kuwa shi ne mai haɗari, domin yana ƙona ido ba tare da mai kallo ya ji zafi ba.

Ba shi ne husufi na farko da ya jawo idon duniya kan Nijar ba. Ranar 30 ga Yuni na 1973, duhu ya rufe arewacin ƙasar, a wani wuri ma ya ɗan haura minti 7, yana cikin mafi daɗewa a ƙarni na 20. Masana suka hau jirgin Concorde daga tsibiran Kanari, suka bi inuwar har minti 74, suka sauka a birnin da ake kira Njamena a yau. A ƙasa kuwa fari ne ke cin dabbobi da hatsi, talaka na duban sama ne don neman hadari.

Duk da haka, ba daga baƙi manomin Adar ya fara jin labarin sama ba. Ya san Kaza da ƴaƴanta, ya san Gamzaki mai fitowa da asuba, ya san Zara matar wata. Malaman zaure kuma sun riƙe lissafin da ya zo cikin littattafan Larabci: masaukai 28, kowane kwana 13, in ban da ɗaya mai kwana 14, jimla kwana 365. Daga ciki ake ƙirga taurarin damina, Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan, kuma da su dattawa ke auna lokacin shibka da na tsayuwar ruwa. Ilimi ne na lura da haddacewa, ya san yaushe abu zai faru a shekara. Game da husufi, gargajiya ta ce rana da wata ne suka kama juna, sai yara su fito da kiɗan gwangwani, manya su nufi masallaci. Addini ya riga ya kawar da camfin tun ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu aka yi husufi, aka bayyana wa jama'a cewa abin ba ya aukuwa don mutuwar kowa. Abin da ya saura shi ne bayanin yadda yake aukuwa.

Domin irin wannan bayani aka ƙirƙiro ɗakin taurari, wato ɗaki mai rufin ƙubba inda na'ura ke haska taurari a jikin rufin, mai bayani yana juya dare da shekara cikin ƴan mintoci. Kamfanin Zeiss ya ƙera na'urar farko a Jena ta Jamus a 1923, aka buɗe wa jama'a ita a gidan tarihi na Munik a 1925. Johannesbag ta samu nata a 1960. Akara ta buɗe nata a 2009, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ilimin taurari.

Sai dai kada a manta dalilin ginin: mutanen birni ne fitilu da hayaƙi suka ɓoye wa sama. A kan duwatsun Keita ko a kwarin Majiya, daren da babu farin wata kuma babu ƙura, abin da Munik ta kashe kuɗi don kwaikwayo yana nan a fili. Mai bayani ne ya yi ƙaranci, da kuma kalmomi. Ɗan lakwal yana koyon kewayar duniya da Faransanci, kakansa yana kiran taurari da Hausa da Larabci, ba kasafai ake haɗa su a tabarma guda ba. Fitila da lemo da ƙwallon goruba sun isa a nuna yadda wata ke shiga tsakanin rana da duniya. Rariya kuma, in aka juya wa rana baya aka bar haske ya bi ta ƙofofinta zuwa ƙasa, za ta zana siffar ranar da aka gutsura sau ɗari, ba tare da kowa ya ɗaga ido ba.

Ranar Litinin 2 ga Agusta na 2027 wani husufin zai ratsa Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya da Masar, a Adar kuma za a ga wani sashen rana ya rufe in gajimare ya bari. Ranar ta faɗo tsakiyar babban hutu, makarantu a rufe, yara suna gona. Malamin da ke son ɗalibansa su san abin da za su gani sai ya koyar kafin ƙarshen Yuni, sauran aikin kuma ya rage ga ƙungiyoyin al'adu da gidajen rediyon karkara.