Wasiƙar A'isha Zuwa Ga Mahaifiyarta

'Yan uwana mata, in kika tsallaka iyaka daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, kika miƙi hanyar gabas ta Maraɗi, za ki isa Damagaram. A can aka haifi A'isha Macky a 1982. Tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu a wajen haihuwa. Ita kuma da ta girma ta yi aure, sai haihuwar ta ƙi zuwa. Kun dai san abin da ke biyo baya: gori, habaici, da wannan mugun suna, wai juya.

A'isha ta karanci ilmin zamantakewa a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, sannan ta koyo aikin fim a Sanigal. To, wace mace ce za ta yarda ta faɗi sirrin ɗakinta a gaban kyamara? Sai ta fara da kanta. Ta shiga fim ɗin, tana magana da marigayiya mahaifiyarta kamar mai karanta mata wasiƙa. Wasu matan ma suka buɗe cikinsu.

Fim ɗin ya fito a 2016 da sunan Faransanci mai nufin bishiyar da ba ta 'ya'ya. A shekarar ya ci kyautar AMAA ta Afirka.

Don Allah, in akwai irin A'isha a gidanku, ku daina yi mata gori. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Allah ya ba masu nema, amin.