Daga Ƙwallon Dalma Zuwa Milimita: Yadda Ake Auna Bakin Bindigar Farauta

Bindigar toka da kakanninmu maharba suka riƙa a dazuzzukan Salaga da Yendi daga bakin teku ta fito. Turawan Denmak na cikin masu shigo da ita ta ganuwarsu ta Osu a Ankara, kafin su sayar wa Ingilishi ita a 1850. Irin wannan bindiga ba ta tambayar awon harsashi: a zuba albarushi, a ɗura dalma ko guntayen ƙarfe, a danna.

Awon farko da Turawa suka yi na nauyi ne. Sai a raba laba ɗaya ta dalma zuwa ƙwallaye daidai wa daida. In sha biyu suka fito, bindigar da ƙwallo ɗaya ya cika bakinta ita ce lamba 12, faɗinta wajen milimita 18.5. Shi ya sa lamba 20 ta fi ta ƙanƙanta, abin da har gobe yake rikitar da samarinmu.

Da Bafaranshe Paul Vieille ya ƙago albarushi marar hayaƙi a 1884, sai harsashi ya ƙanƙance, gudunsa ya ƙaru. Ingila ta ɗauki .303 a 1888. Sai dai sunan bai faɗi faɗin harsashin ba. An auna bututun ne daga tudun tsagin cikinsa, shi kuwa harsashin ya kai .311 na inci, domin dole ya cika tsagin kafin ya fita yana juyi. Haka .308 da .30-06 na Amurka: faɗinsu ɗaya, milimita 7.82, amma kwansonsu ya bambanta, kuma wanda ya musanya su ransa ya sa a caca.

Domin ɓauna da giwa, Otto Bock na Berlin ya fitar da 9.3×62 a 1905 don Jamusawan da ke zaune a Afirka, Kamaru da Togo na cikin ƙasashen da suke mulka a lokacin. Kamfanin Holland & Holland na Landan ya biyo da .375 a 1912, mai milimita 9.5. Tsakaninsu ko rabin milimita babu, kuma a ganinmu yawan albarushin da ke bayan harsashin ya fi wannan ɗan bambancin nauyi.

Kakanninmu kuwa ba su shiga wannan gasa ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogi masu tsagi, ta bar musu mai ƙanƙara, wadda maƙeran ƙauyuka suka koyi gyarawa da ƙerawa da hannunsu.