Cinikin da Ya Rataya a Wuyan Wani Ciniki: Nazarin Jinkiri a Sayen Gida da Gona a Kajiji

A Kajiji, da sauran garuruwan da ke bisa titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal, da wuya ka ga mutum ya sayar da gona don kawai ya riƙe kuɗi a hannu. Duk wanda ya ɗaga gonarsa akwai abin da ya hango: fegi a bakin titi, ko gida a birni inda 'ya'yansa ke karatu, ko kujerar Makka, ko aurar da 'ya. Shi ma wanda zai saya ba a ajiye kuɗin suke ba. Yana jiran ya fitar da albasa, ko ya kai shanu kasuwa, ko shi ma ya sallama wani filin. Ciniki ɗaya ake gani a fili, amma uku ko huɗu ne ke ɗaure da juna, kowanne yana jiran na bayansa.

A ɗauki misali. Manomi ya sallama gonarsa ta fadama ga wani ɗan kasuwa, domin ya sayi gidan wasu magada a cikin gari. Magadan kuma so suke su raba kuɗin, babbansu ya biya fegin da ya riga ya taya a Sakkwato. Ɗan kasuwar ya ba da kafin alƙalami, sauran sai ya sayar da shagonsa. Mutum biyar ke nan har da mai fegin da mai sayen shagon, dukiya huɗu, kuma wataƙila babu wanda ya san tsawon igiyar da ta ɗaure su in ban da dillali. Idan mai sayen shago ya janye, wanda ke Sakkwato zai ji a jikinsa ba tare da ya taɓa jin sunan mutumin ba.

A Ingila wannan abu yana da suna, suna ce masa sarƙa, kuma sun daɗe suna kuka da shi. A dokarsu, wadda aka sabunta a 1989, cinikin gida ko fili ba ya hawa kan kowa sai an rubuta dukkan sharuɗɗansa an sa hannu. A aikace lauyoyin ɓangarorin biyu ne ke musayar takardun yarjejeniya, mai saye ya ajiye kashi goma cikin ɗari bisa al'ada, a kuma yanke ranar miƙa makulli. Kafin wannan musayar, ko an yi wata huɗu ana magana, kowa na iya juya baya ba tare da ya biya ko sisi ba. Mai gida na iya karɓar tayin da ya fi, mai saye na iya rage farashi ana gobe sa hannu. To da yake ba wanda ke son ya ɗaure kansa da saye alhali bai ɗaure wanda zai sayi nasa ba, dole duk 'yan sarƙar su yi musaya rana ɗaya, wanda ya fi kowa nawa shi ke yanke wa kowa lokaci. Tun 1980 kotun ɗaukaka ƙara ta can ta amince a yi musayar ta waya, ƙungiyar lauyoyinsu kuma ta tsara wata ƙa'ida musamman don sarƙa. Gwamnati ta gwada tilasta wa mai sayarwa ya haɗa takardun gidansa tun kafin ya sa shi kasuwa a 2007, aka dakatar da tsarin a 2010.

Matsalar Ingila ke nan: an san lokacin da ciniki ke faɗawa, sai dai lokacin yana zuwa a makare. Tamu daban ce, kuma a ganina ta fi wuyar sha'ani. A Kajiji tambayar "yaushe ciniki ya faɗa?" tana da amsa uku, kowace da hukumarta.

A al'ada, ana tayi ana cewa albarka har mai abu ya ce "na sallama" a gaban shaidu, a yi addu'a, a raba goro. Daga nan magana zarar bunu ce. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Sakkwato ke hukunci da shi, ya ƙarfafa wannan, domin a mazhabar ciniki yana ɗauruwa da furucin bayarwa da na karɓa, ba a ma yarda da zaɓin janyewa kafin a tashi daga majalisa ba, saɓanin Shafi'iyya. Wannan yanki ba baƙo ba ne ga irin wannan ilmi: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a Boɗinga lokacin da Shehu ke Sifawa, kuma ya yi rubutu na musamman a kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasa. Amma dokar ƙasa tana da tata maganar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978, wadda ta gaji ruhin dokar Jihar Arewa ta 1962, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Sashe na 22 ya ce mai takardar mallaka ta gwamnati ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar gwamna. Sashe na 21 ya ɗora amincewar a kan ƙaramar hukuma idan haƙƙin na gargajiya ne. Sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa haka banza ne. Kotun Ƙoli ta nuna da gaske ake a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, inda ta rushe jinginar da aka yi ba da yardar gwamna ba. A 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, ta sassauta da cewa ana iya ƙulla yarjejeniya kafin yardar ta fito, sai dai cinikin yana nan a rataye har ta fito. Akwai ma sashe na 36 da ya hana a yanka gonar karkara da aka riƙa tun kafin 1978 zuwa fuloti ko a miƙa ta ga wani, hanin da kullum ake tsallakewa a kowane ƙauye.

Saboda haka mutum ɗaya yana iya zama ɗaurarre a gaban shaidu da alƙali, alhali a ofishin ƙasa ba a san an yi komai ba. A cikin sarƙa abin ya fi muni, domin kowace gaɓa da mizanin da take bi. Gonar fadama takardar hannu ta ishe ta, da sa hannun mai unguwa da hatimin hakimi, a gama cikin yini biyu. Fegin Sakkwato kuwa sai an je an bincika fayil, an auna, an biya kuɗin gwamnati, a jira sa hannu na watanni. Mai gonar ya riga ya fita daga tasa, wanda ke can ƙarshen igiya bai ko fara ba.

Duk da haka, ban ɗauki ofis a matsayin babban mai jawo jinkiri a gari irin Kajiji ba. Gado ne. Yawancin gidaje da gonakin da ake sayarwa tarika ce da ba a raba ba, wani lokaci tun ta kaka. Babban wa shi ke zama da dillali, shi ke cewa ya sallama, amma rabonsa kaɗai yake da iko a kai. Akwai ƙanwa da ke aure a Yabo wadda ba a shawarta ba, akwai ƙane da ya tafi cirani kudu yau shekara uku, akwai marayu da sai alƙali ya duba maslaharsu kafin a taɓa rabonsu. Idan maigidan bai daɗe da rasuwa ba, matarsa tana da haƙƙin zama a ɗakinta har ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, ba mai ce mata ta kwashe kaya don mai saye na gaggawa. Sai kuma shufu'a. Idan ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da rabonsa ga bare kafin a raba, sauran suna da haƙƙin mayar wa baren kuɗinsa su karɓi rabon. Malaman Malikiyya sun ba wanda ke gari ya kuma sani kimanin shekara, wanda ba ya nan kuwa haƙƙinsa na jiransa komai daɗewa. A ƙasar da cirani ya zama jinin jiki, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai saye da ya san haka yakan riƙe cikon kuɗinsa har kowa ya dangwala yatsa, kuma ba a ga laifinsa ba.

Na taɓa zama a zauren wani dattijo da yamma ana irin wannan jira. Mai saye ya zo karo na uku da kuɗi a ƙulle cikin leda, malamin da zai rubuta takarda ya ɗora fallen takardarsa bisa gwiwa, an tsaga layi bakwai na sunayen magada, biyar sun cika. Aka yi ta kiran na shida a waya, ba ta shiga. Babban wan ya dubi mai saye ya ce, "Alhaji, a ƙara haƙuri, ɗiyan marigayi ba su gama haɗuwa ba." Alhajin bai ce uffan ba, ya mayar da ledar cikin aljihun 'yar ciki. Abin da sauran ba su sani ba, shi ma a daren akwai wanda ke zaune a ƙofar gidansa yana jiran makullin gidan da ya sallama wata biyu da suka wuce.

Jinkiri ba kyauta yake zuwa ba, wani ne ke biyansa. A gona kalandar ruwa ce ke yanke hukunci. Akan yi ciniki da rani domin mai saye ya kai taki ya yi sharar gona kafin ruwan shuka. In cikon kuɗi ya makale har hadari ya fara haɗuwa a watan Yuni, wa zai shuka? Mai saye ya riga ya zuba taki da jakuna, mai sayarwa ya ce ba a cika masa ba don haka gonarsa ce. Ko dai su yi rigima, ko gonar ta kwana ba shuka, daminar shekara guda ta tafi. A kuɗi kuwa 'yan shekarun nan sun koya wa kowa darasi. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, mai kuɗi a banki ya kasa fitar da su, mai gona a ƙauye kuma bai yarda da tura kuɗi ta waya ba. A watan Yunin shekarar aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Wanda ya sallama gida don ya gina wani, ya jira cikon kuɗi wata shida, simintin da ya yi wa lissafi ya tsere masa. Mai niyyar Hajji ya fi kowa shan wuya, domin wa'adinsa ba ya ɗaguwa don magada: a Maris 2024 Hukumar Alhazai ta ƙasa ta nemi maniyyata su cika kusan naira miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki. Duk wanda kujerarsa ta rataya a kan cikon kuɗin gona ya san yadda makon nan ya kasance.

Inda igiyar ta fi tsinkewa shi ne kafin alƙalami. Mai saye ya bayar don a riƙe masa, mai sayarwa ya karɓa da safe, da yamma ya miƙa shi ga wanda shi ma zai saya a wurinsa, dillali ya cire la'adarsa a hanya. Kuɗin nan guda sun ɗaure ciniki uku. Ranar da na farko ya warware, sai a tarar babu abin mayarwa, kowa na nuna na gabansa. A Ingila ma ana barin kuɗin ajiya su hau sarƙa, amma sai bayan kowa ya ɗauru, kuma a hannun lauya suke tsayawa a ƙarshe. Mu kuwa muna sakin su tun maganar ba ta nuna ba.

Abin da ke damuna shi ne littattafan da ake karantawa a zaurukan garin nan sun riga sun hango wannan. Imam Malik bai halatta cinikin da za a ce in mai saye ya fasa kafin alƙalaminsa ya zama na mai kaya ba, ko da yake Hambaliyya sun yarda. Malikiyya sun buɗe ƙofar ciniki bisa zaɓi, amma da wa'adi sananne, kimanin wata guda ga gida ko fili, suka kuma hana a sharɗanta biyan kuɗi a cikin wa'adin, domin kada kuɗin su zama yau bashi gobe farashi. Wato sun yarda mai saye na bukatar lokacin bincike, suka ƙi a bar lokacin ba iyaka, suka ƙi a ci kuɗin da ba a tabbatar na wa ne ba. Abin da muke yi yau ya juya duka biyun: kuɗi na fita da wuri, wa'adi kuma "sai Allah ya kawo".

Dillali yana da hannu a nan, domin shi kaɗai ke ganin sarƙar daga farko zuwa ƙarshe, kuma la'adarsa na bisa faɗuwar ciniki. Ba ya son ya ce wa mai gida wanda ya taya sai ya sayar da shago tukuna, kada mai gida ya nemi wani. Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba, akwai masu tsoron Allah da ke faɗin gaskiya ko za su rasa cinikin. Amma tsarin da kansa yana saka wa mai ɓoyewa.

Ba sai an jira Abuja ta gyara dokar 1978 ba, wadda aka cusa cikin tsarin mulki har gyaranta ya zama jidali. Mai unguwa da ke sa hannu yana da ikon ya ƙi sa wa sai an kawo masa takardar rabon gado daga kotu, ko sunan kowane magaji da wakilcin wanda ba ya nan. Malamin da ke rubuta takarda yana iya ƙara layi uku: ranar cika kuɗi, wanda zai riƙe kafin alƙalami amana har ranar, da cinikin da wannan ya rataya a kansa in akwai. In gona ce, a ƙara na huɗu, a rubuta sunan wanda zai shuka idan ruwa ya sauka ba a cika ba, da yadda za a biya mai taki takinsa.