Shekara talatin, har yanzu 3 sau 5

Ran da na fara sa Qiskit ya raba mini 15 ya ba ni 3 da 5, sai da na kira abokin ɗakina ya zo ya gani. Ya ce: “To, ai ƙanena na lakwal ma ya san wannan.” Na ji haushi, amma maganarsa ce ta tura ni tonon tarihin abin.

A 1994 Peter Shor, a Bell Labs na Amurka, ya nuna kwamfutar kwantam za ta iya gano lambobin da aka ninka aka samu wata ƙatuwar lamba, cikin sauri. Hankali ya tashi, don makullin RSA na 1977, da bankuna da intanet ke dogara da shi, kan wahalar wannan lissafi ya jingina.

Tun farko aikin na haɗin gwiwa ne. Kwamfuta ta yau da kullum ke zaɓar lamba, mu ce 7. Ita ta kwantam aikinta guda: gano zagaye. Ka yi ta ninka 7, kana riƙe abin da ya saura in an raba da 15: 7, 4, 13, 1, sai a koma farko. Zagayen 4 ne. Daga nan aiki ya dawo ga ta farko: rabin 4 shi ne 2, 7 sau 7 ya ba da 49, maƙwabtansa 48 da 50, dabarar Yukilid ta ciro 3 da 5 daga cikinsu.

Matsalar tana wajen mai da wannan lissafi jerin umarnin da injin zai iya bi. Jerin dogo ne ƙwarai, injina kuwa raunana, sai masu bincike suka riƙa datse shi. A 2001 IBM ta raba 15 da kiyubit 7. A 2012 aka raba 21 a Bristol ta Ingila. Sai a 2013 Smolin, Smith da Vargo suka nuna a mujallar Nature cewa in mai datsewa ya riga ya san amsa, kiyubit 2 sun isa “raba” lamba komai girmanta. Satar jarrabawa ke nan, a ganina, ko da ba da gangan ba.

Ba tare da wannan wayo ba, Gidney da Ekerå sun ƙiyasta a 2019 cewa fasa RSA-2048 na son kiyubit miliyan 20 da awa 8.

Na koma na duba shirin da na kwafo. Sashen ninkawar, don 15 kaɗai aka ɗinka shi. Na sa masa 21, ya ƙi.